Kuskuren da ke hana sababbin ɗaliban Java barci

Ɗalibi ya kwana yana rubuta manhaja, gobe zai miƙa wa malami. Da asuba ya gwada ta, sai kwamfuta ta watso masa jan rubutu: NullPointerException.

Galibi dalilin ɗaya ne: ya raɗa wa abu suna a cikin class, bai ƙirƙire shi da kalmar new ba, kuma ya sa shi aiki. Tamkar aiken yaron da ba a haifa ba.

Mafita ita ce karanta saƙon a tsanake, domin yana nuna lambar layin da matsalar ta taso.

Tony Hoare, wanda ya ƙirƙiro null a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren dala biliyan guda a 2009.