Gahawa a Gaban Likitoci: Yadda Abin Zargi Ya Koma Abin Yabo

A watan Yunin 2016, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zaton suna iya haddasa sankara. Ita kanta cibiyar ce ta sanya ta a jerin a 1991, bisa zargin tana da hannu a sankarar mafitsara. Shekara 25 ke nan tsakanin tuhuma da sallama. Da masana suka sake zama, suka duba bincike sama da 1,000, sai suka ce ba su ga hujjar da za ta riƙe tuhumar ba, har ma suka lura masu shan gahawa sun fi ƙarancin kamuwa da sankarar hanta da ta mahaifa. Tun daga lokacin kusan kowane wata sai wata jarida ta fito da labarin cewa gahawa na tsawaita rai, ko tana kare zuciya, ko tana hana ciwon suga. Wanda ya girma yana jin ana cewa guba ce, yana da haƙƙin tambaya: likitocin jiya ne suka yi kuskure, ko na yau ne ke zuzutawa?

Gardamar ba ta yau ba ce. A 1511, lokacin da gahawa ta bazu daga zawiyoyin Sufayen Yaman zuwa Hijaz, wani jami'in daular Mamalik mai suna Khair Beg ya tara malamai a Makka, likitoci biyu suka ba da shaidar cewa tana cutar da jiki, aka hana shan ta. Hanin bai yi tsawon rai ba. Amma zargin da ya fi tasiri a zamaninmu ya taso ne daga jami'ar Habad ta Amurka a 1981, inda Brian MacMahon da abokan aikinsa suka wallafa cewa masu shan gahawa sun fi kamuwa da sankarar fankiriyas, wato gaɓar nan ta bayan tumbi mai samar da insulin. Sun kwatanta masu cutar su 369 da wasu marasa lafiya 644 da ba su da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutanen da aka yi kwatancen da su an ɗauko su ne daga hannun likitocin da ke duba masu sankarar, da yawansu kuma likitocin ciki ne. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi tuni ya bar gahawa, ko an hana shi. Sai aka ga kamar masu sankarar ne ke shan ta fiye da kima, alhali waɗanda aka auna su da su ne ke shan ta ƙasa da kima. Da masu binciken suka sake gwadawa bayan 'yan shekaru, sakamakon bai maimaita kansa ba, amma labarin ya riga ya zaga duniya.

Babban abin da ya ɓata wa gahawa suna shi ne taba sigari. Hausawa na cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma a Turai da Amurka ta wancan zamani, kofin gahawa da karan sigari ba sa rabuwa. Akwai ma dalili na cikin jiki: hayaƙin taba na sa hanta ta hanzarta narkar da kafeyin, sinadarin da ke wartsakar da mai shan gahawa, don haka mashayin taba kan buƙaci kofi bayan kofi kafin ya ji a jikinsa. Taba kuwa sananniya ce wajen haddasa sankarar mafitsara da ciwon zuciya. Duk binciken da bai ware ta da kyau ba, laifinta zai ɗora wa gahawa.

Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna wannan ƙarara. An bi rayuwar Amurkawa kimanin 400,000 masu shekara 50 zuwa 71, daga 1995 zuwa 2008. Da aka duba alƙaluman ba tare da la'akari da taba ba, masu shan gahawa sun fi mutuwa. Da aka cire tasirin taba da sauran ɗabi'u, sai lissafin ya kife: mazan da ke shan kofi shida ko fiye a rana sun samu ragin haɗarin mutuwa na kashi 10 cikin 100, mata kashi 15. Mutanen ba su sauya ba, gahawar ba ta sauya ba, hanyar lissafi ce kawai ta bambanta. A ganina, wanda ya fahimci wannan bincike guda ya fahimci rabin rikicin.

Daga nan yabo ya yi ta zuwa. A 2017 masana a jami'ar Sawusamton ta Ingila suka tattara nazarce-nazarce 201, waɗanda kowannensu shi ma tarin bincike ne, suka ce mafi alherin sakamako yana wajen masu shan kofi uku zuwa huɗu a rana, da ragin haɗarin mutuwa na kusan kashi 17 cikin 100 idan aka kwatanta da marasa sha. Hujja ta fi ƙarfi a cututtukan hanta da ciwon suga na manya, sai kuma cutar karkarwa ta Fakinsin. A ciwon suga, har gahawar da aka cire wa kafeyin ta nuna irin wannan alaƙa, abin da ke nuna cewa idan akwai amfani, ba daga kafeyin kaɗai yake ba, domin ƙwayar gahawa na ɗauke da ɗaruruwan sinadarai.

To, amma fa a nan ne ya kamata mai karatu ya ja linzami, domin ramin da masu zargi suka faɗa shi ne ke jiran masu yabo. Kusan duk waɗannan binciken na kallo ne: a tambayi mutane abin da suke sha, a jira shekaru, a ƙirga wa ya kamu da me. Ba wanda ya raba jama'a biyu da ƙuri'a ya ce waɗannan su sha, waɗancan su bari, na tsawon shekara 20. Wa ke barin gahawa? Sau da yawa wanda jikinsa ya fara ba shi alama: bugun zuciya, rashin barci, ciwon ciki, hawan jini. Sai rukunin marasa sha ya cika da masu rauni, masu sha kuma su fito kamar gahawa ce ta ba su lafiya, alhali lafiyar ce ta ba su damar ci gaba da sha. Masu bincike sun san wannan, suna kuma ƙoƙarin gyarawa ta hanyar cire waɗanda suka shigo da ciwo, sai dai ba a iya share shi duka. Wasu masana a Kofanhagan ta Danmak sun bi ta wata hanya: suka duba mutanen da gadon halittarsu ke sa su shan gahawa da yawa, tun da gado ba ya jiran ciwo kafin ya zaɓi mutum. Ba su ga cewa waɗannan mutane sun fi tsira daga ciwon suga ko mutuwa ba. Wannan bai rushe batun amfani ba, amma ya rage masa kaifi sosai, kuma ba irin labarin da jarida ke sa wa babban kanu ba ne.

Gwajin ƙuri'a na gaskiya ƙanana ne, gajeru. Ɗaya daga cikin masu ban sha'awa an buga shi a 2023 daga jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. Mutum 100 aka maƙala wa na'urorin auna bugun zuciya da tafiya da barci na kwana 14, ana turo musu saƙon waya cewa yau a sha, gobe a bari. A ranakun sha, sun ƙara taku kimanin 1,000, sun kuma rasa barcin minti 36. Bugun zuciya na ba-zata da ke tasowa daga ɗakunan sama na zuciya bai ƙaru a zo a gani ba, amma wanda ke tasowa daga ɗakunan ƙasa ya ƙaru. Bincike ɗaya, kuma kowane ɓangare zai iya tsintar abin da yake so a cikinsa.

Sai wata matsala da ba a cika faɗa ba: abin da ake kira kofin gahawa ba abu ɗaya ba ne. Kofi mai cin mililita 240 na gahawar da aka tace yana da kafeyin kusan miligiram 95, na gari mai narkewa irin Nescafé kusan 60. Gahawar da aka tafasa aka sha ba tare da tacewa da takarda ba, irin ta Turkawa da ta tsofaffin Nowe, tana ɗauke da wani mai da ake kira kafestol, wanda ke ɗaga kolestarol a jini. Tun 1983 wani bincike a garin Tiromso na Nowe ya ja hankali kan alaƙar gahawa da kolestarol. Takardar tacewa na riƙe man, gahawar gari ma ba ta da shi sosai. Wanda ya zauna a Sudan ya saba da jabana ta tukunyar ƙasa, ya sani tasa dangin tafasasshiya ce. Haka jikin mutane ya bambanta. Matsakaicin mutum na buƙatar kimanin awa biyar kafin rabin kafeyin ya bar jininsa, amma ƙwayoyin tazarar haihuwa na kusan ninka wannan lokaci, a ƙarshen juna biyu kuma yakan ninka har sau uku. Wani ya sha bayan isha'i ya yi minshari, wani ya sha da la'asar ya kwana yana juyi, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Me wannan kai-komo ya haifar? Na farko, gajiya. Mutumin da aka ce masa guba jiya, magani yau, yakan yanke cewa likitoci ba su san abin da suke yi ba, ya kuma ɗauki wannan shakku ya kai shi inda hujja take da ƙarfi, kamar taba da allurar rigakafi. Wannan ce hasarar da ta fi damuna. Hukumomi ma sun taimaka wajen rikita jama'a: a 2018 wani alƙali a Kalifoniya ya umarci masu sayar da gahawa su liƙa gargaɗin sankara saboda sinadarin akirilamaid da ke samuwa wajen suyar ƙwayar, a 2019 hukumar jihar ta ce gargaɗin ba ya kan gahawa. Na biyu, kasuwa ta samu abin talla. Ragin kashi 17 cikin 100 yana da daɗin ji, amma a ce cikin mutum 100 guda 6 ne za su rasu a wani tsawon lokaci, ragin na nufin su koma 5 ne, idan ma gahawar ce sanadi.

A ƙasar Hausa shayi ya fi gahawa kasuwa, amma batun bai tsallake mu ba, domin kafeyin ɗin da ke cikinta shi ne ke cikin goro da ganyen shayi da lemukan ƙara kuzari da matasa ke kwankwaɗa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a rana ba ya da illa ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Wannan iyaka ta dukkan abin da mutum ya sha ko ya tauna ce a yini, ba ta gahawa kaɗai ba. Direban da ya karya da shayi mai Nescafé, ya yini da goro a baki, ya buɗe gwangwanin lemun kuzari da dare, ya haɗa lissafin da bai sani ba. Kuma mafi yawan binciken da ke yabon gahawa an yi su ne kan Turawa da Amurkawa da Japanawa. A wani binciken Birtaniya na 2022 kan mutum sama da 170,000, masu sa suga ma sun nuna ragin haɗarin mutuwa, sai dai sugansu bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ko makamancinsa a kofi ba. Ba a gwada kofin teburin mai shayi ba, wanda ake zuba wa suga da babban cokali a bi da madarar gwangwani. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya tsaya ƙasa da ƙananan cokula 12 na suga a dukkan yininsa.

Abu biyu kuma sun shafe mu kai tsaye. A zaman 2016 ɗin nan da aka wanke gahawa, an kama zafi: duk abin sha da ya wuce digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, cibiyar ta ce mai yiwuwa ne ya haddasa sankarar maƙoshi, ko shayi ne ko gahawa. Sannan gahawa da shayi, idan aka sha su tare da abinci, suna rage sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga hatsi da ganye, abin lura a inda ƙarancin jini ya yi yawa tsakanin mata da yara.

Hukuncin da hujjojin suka iya ɗauka bai kai zargin 1981 muni ba, bai kuma kai kanun jaridun yau daɗi ba. Ga baligi mai lafiya, kofi biyu zuwa huɗu a rana ba abin tsoro ba ne, ƙila ma da amfani ga hanta, amma ba a kai ga tabbatar da cewa gahawar ce ke kawo amfanin ba. Shi ya sa jagoran cin abinci na Amurka na 2015 ya halatta wa mai sha ci gaba, bai kuma ce wa wanda ba ya sha ya fara ba. Illolin da aka fi tabbatarwa su ne tauye barci, faɗuwar gaba da karkarwar hannu ga wanda jikinsa ba ya ɗauka, da alaƙa da ɓari ko haihuwar jariri maras nauyi idan mai ciki ta yawaita. Mai hawan jini mai tsanani ya yi hattara: wani bincike a Japan da aka buga a 2022 ya ga masu awon 160 bisa 100 ko sama, da ke shan kofi biyu ko fiye a rana, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya ninka. Idan kana cikin waɗannan, ko ke mai juna biyu ce, a faɗa wa likita ko ungozoma yawan gahawa da shayi da goron da ake sha ko ci a rana, ba a jira sai an tambaya ba.