Kwalejin Shekara Biyu a Amurka: Kafin Ka Miƙa wa Dillali Kuɗi

Dillalan karatun ƙasar waje sun iya zaƙin baki. "Alhaji, digiri a Amurka cikin shekara biyu, kuɗin kuma sauƙi ne." Makarantar da suke nufi tana nan, ba ƙirƙira ba ce. Kwalejin al'umma ce, irin wadda aka fara buɗewa a garin Joliet na jihar Ilinoyi a 1901, yau kuma jihar Kalifoniya kaɗai tana da guda 116. Sai dai takardar da take bayarwa bayan shekara biyu ba digirin farko ba ce. Wanda ya dawo Najeriya da ita kaɗai, hukumar bautar ƙasa ba za ta ɗauke shi ba, domin sai mai digiri ko babbar difloma take karɓa.

Ba raina makarantar nake yi ba. Ga mai sha'awar tarihi, adabi, falsafa, ilimin zamantakewa ko kimiyyar siyasa, wuri ne mai kyau na farawa. Azuzuwa ba su cika maƙil ba, malami yana karanta rubutunka ya maido maka da shi da jan biro, kuma a waɗannan fannoni rubutu shi ne jari. George Lucas, mai fim ɗin Star Wars, daga kwalejin Modesto ya fara kafin ya wuce jami'a.

Amma matakala ce, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Akwai takardar AA, wadda aka tsara don ɗalibi ya wuce jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage. Akwai AAS, ta koyon sana'a, wadda jami'o'i da yawa ba sa ƙirga darussanta duka. Yaro sai ya kammala, ya je jami'a, a ce masa ya maimaita, kuɗi da lokaci sun tafi. Tun zangon farko ya zauna da mai ba ɗalibai shawara, ya nemi a nuna masa a rubuce darussan da jami'ar da yake hari za ta karɓa. A Kalifoniya akwai tsarin TAG da ke tabbatar da gurbi a rassa 6 na jami'ar jihar, amma rassanta na Berkeley da UCLA ba sa ciki, ko da dillali ya rantse.

Batun arha kuma na 'yan gida ne. 'Ya'yan Hausawan Bronx a Amurka masu takardun zama suna iya cike takardar FAFSA su nemi tallafin karatu na Pell. Mai bizar karatu ba ya samun wannan, kuma kuɗin baƙo yake biya. Aikin da aka yarje masa a lokacin karatu galibi na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Bayan kammalawa izinin aikinsa wata 12 ne. Ƙarin wata 24 da ake ta yayatawa na masu digirin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi ne, ɗan tarihi ba ya ciki.

Takardar I-20, wadda ake neman bizar karatu da ita, makaranta ce da kanta ke bayarwa, kuɗin SEVIS dala 350 kuma gwamnatin Amurka ake biya. Dokokin biza suna sauyawa, don haka kafin a sayar da gona a tuntuɓi ofishin EducationUSA da ke Abuja ko Legas, inda ake ba da shawara kyauta.