Gargaɗi ga jama'ar Madarumfa: wanda ya dawo daga daji bai gama dawowa ba

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Madarumfa, Gabi, Safo, Ɗan Isa da ƙauyukan bakin dajin Baban Rafi, wannan kira ne na gaggawa.

Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar iyakarmu da Katsina da Zamfara. Mun san yadda abin yake: a sace mutum, a sayar da shanu ko gona a biya kuɗin fansa, ya dawo, gida ya cika da masu barka da arziki, bayan kwana uku kowa ya watse. To, a nan ne wani ciwon yake somawa, kuma shi muke yi wa sakaci.

Ku lura da magidancin da ke kwana da takalmi a ƙafa, da ya ji ƙarar babur cikin dare sai ya zabura ya nufi katanga. Ku lura da matar da ke zaune gaban murhu, tuwo na ƙonewa ba ta sani ba. Ga yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ga saurayin da ya faɗa shan ƙwaya don ya samu barci. Mu kan ce firgita ce, ko faɗuwar gaba, ko tunani ya yi masa yawa. Shonawan Zimbabuwe ma "yawan tunani" suke ce wa wannan hali. Ciwo ne sananne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake rikici yana fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa.

Gaskiya ne wasu suna fita daga musiba da ƙarin tawakkali, da riƙon zumunci, da tausayin na ƙasa. Masana biyu na Amurka, Tedeschi da Calhoun, sun auna irin wannan canji tun 1996. Amma ba ya zuwa da tilas, kuma sau da yawa yana zaune ne zuciya ɗaya da raɗaɗin. Wanda ya fi kowa sammakon masallaci yana iya kasancewa shi ne bai runtsa ba.

Don haka, don Allah:

Kada ku rufe wa wanda ya dawo baki da "ai ya wuce". Idan yana son magana ku saurara, idan ba ya so kada ku tsare shi da tambaya.

Kada ku gwada shi da wane da ya murmure cikin mako guda. Kowa da ƙarfin zuciyarsa.

Kada a tsangwami macen da aka tsare a daji, ko a sake ta, ko a yi ta nuna ta a rijiya. Ita aka zalunta.

A yi addu'a da ruƙiyya, amma ba duka, ba ɗauri, kuma a haɗa da asibiti.

Idan wata guda ya wuce barci bai dawo ba, ko aiki ya gagara, a kai shi asibitin Madarumfa ko babban asibitin Maraɗi. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ƙaurace wa abinci, ko uwa ta kasa shayar da jinjirinta, a kai su yau. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga inda hannunsa zai kai.

Limamai, masu gari da shugabannin mata, ku faɗi wannan a huɗuba da wuraren suna. Mun iya haɗa kuɗi mu fanso ɗan'uwa daga daji. Sauran aikin shi ne mu ci gaba da leƙa shi bayan masu barka sun watse.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.