Sauya Jami'a: Abin Da Ya Kamata Ya Raba Gardama

Ɗalibin da ya riga ya shafe shekara biyu ko uku a jami'a, sannan larura ta tilasta masa neman wata, lissafinsa ya sha bamban da na ɗan sakandaren da ke cike fom ɗin JAMB. Shi da kayansa yake tafe: kwasa-kwasan da ya ci, da kuɗin da iyaye suka kashe, da shekarun da suka wuce. An ga haka ƙarara bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, da aka kwaso ɗaliban Najeriya daga Khartum, da yawansu 'yan Arewa masu karatun likitanci, kowa na neman inda zai ƙarasa. Idan jami'o'i biyu suka buɗe wa irin wannan ɗalibi ƙofa, wadda za ta amince da karatunsa na baya, kuma take da izinin yaye shi a fanninsa, ita ta cancanci zaɓi, ko da ɗayar ta fi ta suna.

Dalili kuwa yana cikin yadda ake gudanar da sauyin. Ofishin magatakardar tsohuwar jami'a ne ke aika takardar sakamako kai tsaye, sai sashen da ɗalibin ke nema ya zauna ya gwada kwas da kwas, kafin hukumar jami'ar ta sa hannu. A nan ake asara. Jami'o'i da dama ba sa karɓar mai sauyi sai a aji biyu, don haka wanda ya kai aji huɗu yana iya wayar gari an mayar da shi baya shekara biyu cur. Ko sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 bai kawar da matsalar ba, domin kashi 70 cikin 100 ya daidaita, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara abinta. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a nemi shugaban sashe ya rubuta ajin da za a ɗora ɗalibin da kwasa-kwasan da zai maimaita. "Kada ka damu, za mu duba" ba ta shiga fayil.

Sai batun izini, wanda iyaye suka fi sakaci da shi. NUC fanni-fanni take tantancewa, don haka jami'a na iya zama gagarabadau a aikin gona, amma izininta na koyar da lauya yana rawa. Likitanci kuma yana da ƙarin shinge, domin hukumar likitoci ta MDCN tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma wanda aka cusa bayan gurbi ya cika shi zai sha wahala a ƙarshe. Haka nan dole sauyin ya bayyana a kundin JAMB, in ba haka ba ranar tafiya bautar ƙasa sai a nemi suna a rasa.

Wani zai ce suna linzami ne, kuma digirin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa tun 1962 kuma tsofaffin ɗalibanta suka cika ma'aikatu, ya cancanci a sadaukar masa da shekara guda. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman idan asarar zango ɗaya ce. Sai dai shekarun ma suna da farashi. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi maimakon kakin bautar ƙasa, bankuna da kamfanoni da yawa kuma kan gindaya iyakar shekaru ga sabbin ma'aikata. Ga kuma yajin aiki, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 da ya cinye wata takwas, wanda ke iya ƙara tsawaita zaman a jami'ar gwamnati. Mai gudun wannan ya nufi ta kuɗi, sai ya fara ninka kuɗin makarantar da adadin shekarun da suka rage masa a takardar shugaban sashe, ya ga ko gidansu zai iya ɗauka har ƙarshe.