Hasashen Ƙwallon Amurka na Mako-Mako: Abin da Iyaye da Matasan Zango Ya Kamata Su Sani



Da zarar watan Satumba ya kama, gidajenmu na nan Amurka sukan canja. Daren Jumma'a yaran sakandare suna fili, ran Asabar jami'o'i, ran Lahadi ƙwararrun gasar NFL, a ƙara da daren Litinin da na Alhamis. A tsakanin waɗannan ranaku babu abin da ke yawo a wayoyin matasanmu kamar hasashe: wa zai ci a wannan makon, kuma da maki nawa.

Kwanan baya wani dattijo ya tare mu a ƙofar masallaci bayan Magariba. Ya ce kullum yana ganin ɗansa yana duba wasu lambobi a waya, -7 da +3 da 44.5, da ya tambaye shi sai yaron ya ce, "Baba, ƙwallo ne kawai." Dattijon ya ce, "To ku da kuka san garin, ƙwallo ne kawai ko da wani abu a ciki?" Amsar ita ce wani lokaci ƙwallo ne kawai, wani lokaci kuma kuɗi ne ke fita daga gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen.

Wasan a taƙaice

Ƙwallon Amurka dangin zari-ruga ne, da hannu aka fi yin sa. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Ana ba masu riƙe da ƙwallo dama 4 su ci gaba da yadi 10, in sun kasa sai ƙwallon ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6, shi ake kira tacdawun, sannan a ba shi bugu na ƙarin maki 1, ko ya gwada sake shiga don maki 2. Bugun da ya wuce tsakanin sanduna daga cikin fili maki 3 ne. Saboda haka lambobin 3 da 7 suke yawan fitowa a hasashe, kuma a NFL babu tazarar da wasa ya fi ƙarewa da ita kamar maki 3.

NFL tana da ƙungiyoyi 32. Tun daga 2021 kowace tana buga wasa 17 a cikin mako 18, sannan a shiga zagayen fitar da gwani har zuwa Super Bowl a watan Fabrairu. A ɓangaren jami'o'i, babban rukuni kaɗai yana da ƙungiyoyi sama da 130, kuma filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake fitar da jerin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi, wanda a yau ya ƙunshi 25. Daga 2024 ƙungiyoyi 12 ke shiga gasar kofin ƙasa ta jami'o'i, a maimakon 4 na da.

Mu ma muna da namu a ciki. Ezekiel Ansah, haifaffen Accra, shi ne mutum na 5 da aka zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013, Detroit Lions suka ɗauke shi. A 2022 kuma NFL ta je har Accra neman yara masu baiwa.

Me masu hasashe suke dubawa?

Dattawanmu sun san musun da akan yi a Nima ko Kumashi kafin Hearts of Oak su kara da Kotoko. Hasashen mako-mako wannan musun ne, sai dai an shigar da shi talabijin an kuma ƙara masa lissafi. Akwai ma na barkwanci: a shirin College GameDay na tashar ESPN, tsohon koci Lee Corso ya shafe shekaru tun daga 1996 yana sanya kan dodon ƙungiyar da yake ganin za ta ci, har ya yi ritaya a 2025.

Mai hasashe na gaske yakan fara ne da lafiyar kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, wanda shi ne jagoran hari. Dokar NFL ta tilasta wa kowace ƙungiya ta bayyana waɗanda suka ji rauni kafin wasa, kuma in aka ce kwatabak ba zai buga ba, hasashe yakan juya nan take. Sai ya duba wa ke gida, wa ya yi doguwar tafiya, wa ya buga ran Lahadi kuma zai sake bugawa ran Alhamis bai huta ba. Sai yanayi: a Disamban 2021 iska ta yi ƙarfi a Buffalo har New England Patriots suka jefa ƙwallo sau 3 kacal a duk wasan, kuma suka ci 14 da 10.

Duk da haka abin yana da wuyar sani, domin wasannin kaɗan ne. Ƙungiyar Firimiyar Ingila tana buga 38, ta kwando a NBA 82, ta NFL 17, ta jami'a 12. Ƙwallon ma ba zagayayya ba ce, in ta faɗi ƙasa ba wanda ya san inda za ta nufa. A jami'a kuma yara ne 'yan shekara 18 zuwa 20 da 'yan kai, yau suna kan ganiya, gobe jarrabawa ko tsoron taro ya rikita su.

Tarihi cike yake da ranakun da masana suka kunyata. Ran 1 ga Satumba, 2007, Appalachian State, daga rukuni na ƙasa, ta je har gida ta doke Michigan 34 da 32, alhali Michigan tana ta 5 a ƙasa. A Fabrairun 2008 Patriots sun zo Super Bowl da nasara 18 babu faɗuwa, New York Giants suka doke su 17 da 14. A Fabrairun 2017 Atlanta Falcons suna gaba da 28 da 3, aka tashi sun faɗi 34 da 28.

Ma'anar lambobin

Yanzu ga lambobin da dattijon ya gani. A ce Eagles za su kara da Giants, aka rubuta Eagles -7. Ana nufin an cire wa Eagles maki 7 tun kafin a fara. In suka ci 24 da 20, sun yi nasara a fili, amma wanda ya zuba kuɗi a kansu ya faɗi, domin tazarar 4 ce. Wanda ya bi Giants +7 shi ya ci, ko da yake ƙungiyarsa ta sha kashi. Lamba irin 44.5 kuwa jimillar makin ɓangarorin biyu ce, mutum ya zaɓi za a haura ta ko ba za a kai ba. Rabin makin an sa shi ne don kada a yi kunnen doki.

Abin lura a nan shi ne, wannan tazara kamfanonin caca ne suke fitar da ita, kuma farashi ce. Sukan daidaita ta yadda kowane ɓangare zai zama kamar jefa kwabo, rabi da rabi, suna kuma matsar da ita gwargwadon labari da inda kuɗi ke karkata. Duk abin da yaronmu ya ji game da rauni ko iska, sun riga shi ji, sun kuma sa shi a cikin lambar.

Lissafin da talla ba ta faɗi

Kusa da tazarar za ka ga -110. Wato sai ka zuba dala 110 kafin ka ci 100. In mutum biyu suka zuba, ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya riƙe 10. Ko wa ya yi nasara a fili, goman nan tasa ce.

Mu ɗauka matashi ya zuba 110 a wasa 100, ya dace a 50. Ya ci 5,000, ya yi asarar 5,500, ya tashi da giɓin 500. Ko ya dace a 52, har yanzu yana ƙasa da dala 80. Sai ya kai 53 kafin ya ga ribar 130, bayan ya jefa dala 11,000 a cikin hatsari. Ƙwararrun da suka mai da abin sana'a, da kwamfutoci da ma'aikata, da ƙyar suke wuce wannan iyaka da ɗan kaɗan.

Mafi cin aljihu shi ne tikitin haɗi, inda ake ɗaure wasanni da yawa wuri ɗaya, in ɗaya ya kuskure duka sun tafi. In kowane wasa rabi da rabi ne, dacewa a 5 jere sau 1 ne cikin 32, a 10 kuwa sau 1 cikin 1,024. Shi ne tikitin da ake yi wa talla ba dare ba rana, shi ne kuma yake sa yaro ya ce "wasa ɗaya ne ya ɓata mini", ya sake zubawa mako mai zuwa.

Da can ba haka abin yake ba. Ran 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Yanzu jihohi sama da 30 sun halatta ta. A New York an fara ta waya a Janairun 2022, a Ohio ran 1 ga Janairu, 2023. Abin da a da sai an je Las Vegas, yau yana cikin ɗakin kwanan yaranmu. Kyautar kuɗin farawa da ake ba sabon shiga kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Masu sayar da "tabbataccen" hasashe

A WhatsApp da Telegram da Instagram akwai masu cewa ka biya su su ba ka wasan da ba ya kuskure. Ga tsohuwar dabara: mutum ya aika wa mutane 1,024 saƙo, ya ce wa rabi Jets za su ci, ya ce wa rabi za su faɗi. Mako na biyu ya bi waɗanda abin ya dace a wurinsu kawai, ya sake raba su biyu. Bayan mako 5 akwai mutum 32 da suka ga bai taɓa kuskure ba, su ne zai nemi kuɗi a hannunsu. Shafukan hasashe na kyauta ma da yawa lada suke karɓa daga kamfanin caca a kan duk wanda ya yi rajista ta hanyarsu. Duk mai nuna maka tikitin da ya ci, tambaye shi waɗanda suka faɗi.

Ga matasa, ga iyaye

'Yan uwa matasa, kallon wasa da musu a kan wa zai ci ba laifi ba ne. Ku yi hasashenku, ku rubuta a takarda, a ƙarshen kaka a ga wa ya fi sani, a yi dariya. In kuna son gwaji na gaskiya, ku rubuta zaɓinku na mako 18 tare da tazara ba tare da ko sisi ba, ku ƙirga ko kun wuce 52 cikin 100. Amma daga lokacin da aka aje kuɗi don wanda ya dace ya kwashe, ya zama caca, kuma hukuncinta a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. Halattawar jiha ba ta canja wannan ba.

Masu buga wasa a makaranta su ƙara kula. NFL ta dakatar da Calvin Ridley duk kakar 2022 saboda caca a kan wasanninta. A 2023 an binciki 'yan wasan jami'o'in Iowa da Iowa State, aka zargi wasu da amfani da asusun da aka buɗe da sunan iyaye ko 'yan uwa, domin a yawancin jihohi sai mai shekara 21 ke da izini. Gurbin karatun da aka sha wahala aka samu, tikiti ɗaya yana iya tafiya da shi.

Iyaye kuma, kada mu ba yaro katin shaidarmu ko lambar sosiyal ɗinmu ya "buɗe wani abu" ba mu san ko mene ne ba. Mu lura in yana tayar da hankali a kan wasan ƙungiyoyin da ba nasa ba, ko yana fushi alhali ƙungiyarsa ta ci, ko yawan rance ya ƙaru daga Lahadi zuwa Talata. In mun gano, kada mu fara da tsawa da tonon asiri a gaban jama'a, domin kunya ce take sa yaro ya ɓoye bashi har ya yi nisa. A zauna da shi, a sa liman ko kawun da yake jin nauyi. A jihar New York akwai layin taimako na kyauta kuma cikin sirri, 1-877-846-7369, kuma jihohin da suka halatta abin suna da tsarin da mutum zai sa a toshe sunansa daga manhajojin caca.

Ga dattijon da ya yi mana tambaya, shawararmu ita ce ran Lahadi mai zuwa ya zauna tare da ɗansa su kalli wasan, ya ce ya koya masa. Daga yadda yaro yake kallo, uba zai gane ko ƙungiya yake so ko lamba yake jira.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a cikin neman halal ɗinmu. Amin.