Yadda Ake Ƙanƙanta Jirgin Ƙasa Ya Hau Tebur

A Ingila da Jamus da Amurka akwai manyan mutane, cikinsu har da injiniyoyi da malaman makaranta, waɗanda abin sha'awarsu shi ne harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo masu tafiya da lantarki. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan yara ne, amma fa aikin ba ya yiwuwa sai da lissafi, domin tilas ne a rage tarago da tasha da gada da fasinja duka bisa ma'auni guda.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, watau kashi 1 cikin 87. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a auna abu na gaske, a mai da awon milimita, sa'an nan a raba da 87. Mutum mai tsawon mita 1.74 zai koma milimita 20. Taragon fasinja irin na Turai mai tsawon mita 26.4 zai koma milimita 303. Faɗin layin dogo da yawancin ƙasashe ke bi, milimita 1,435, zai koma 16.5, kuma wannan ne faɗin layin da ake sayarwa a kantuna. Mai aiki da awon ƙafa kuwa, kowace ƙafa guda milimita 3.5 ce a wurinsa.

Akwai wasu ma'aunan. Na N kashi 1 cikin 160 ne, layinsa milimita 9. Na Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, kashi 1 cikin 220 ne, layinsa milimita 6.5.

Ingilawa sun bi tasu hanya. Jiragensu na gaske sun fi na Jamus da Amurka ƙanƙanta, saboda haka injin lantarki na wancan zamani ya ƙi shiga cikin gangar jikin da aka rage da 87. Sai suka ƙara wa jikin girma zuwa kashi 1 cikin 76, watau milimita 4 a kowace ƙafa, amma suka bar layin a kan 16.5. Wannan shi ne ma'aunin OO, wanda jiragen Hornby Dublo na 1938 suka ƙara wa farin jini. In an mai da wannan layi girmansa na gaske zai ba da milimita 1,257 kawai, ya gaza da kusan inci 7. Masu tsananin son daidaito sukan shimfiɗa nasu layin mai faɗin milimita 18.83 don gyara wannan tawaya.

Wanda zai kwaikwayi jiragen Nijeriya sai ya fara sanin layin da yake nufi. Tsohon dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. In an raba da 87 ya ba da 12.3, don haka layin milimita 12 ne ya fi kusa da shi. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa mai faɗin 1,435 ne, kuma 16.5 ya dace da shi. Sai dai tsawonsa, kimanin kilomita 186, ko an rage shi zai zarce kilomita 2. Dalilin ke nan da ya sa masu wannan aiki ke zaɓar tasha guda da kewayenta, su taƙaita tazarar da ke tsakanin garuruwa da gangan.

Gudu ma ana raba shi da 87. Jirgin da ke cin kilomita 100 a awa, ƙaraminsa bai kamata ya wuce santimita 32 a daƙiƙa ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen fili da nauyi. Tsawo ana raba shi da 87 sau ɗaya, fili sau biyu, watau da 7,569, nauyi kuwa sau uku, watau da 658,503. Kan jirgi mai nauyin tan 100 zai koma giram 152 kacal. Wanda ya raba sau ɗaya zai sami fiye da tan guda, nauyin da babu teburin da zai ɗauka.

Wannan lissafi ne dai ma'aikatan safiyo da masu zanen gini ke amfani da shi kullum. A taswira mai ma'aunin 1 cikin 50,000, santimita 2 kilomita guda ce. Kuskuren milimita ɗaya a kan teburin mai jirgin kwaikwayo santimita 8.7 ne, amma a kan irin wannan taswira mita 50 ne a ƙasa, abin da ya isa ya jefa iyakar gonar wani cikin ta maƙwabcinsa.