Gahawa Mai Man Shanu da Ƙanƙara: Yadda Ake Sasanta Maiƙo da Sanyi

Duk wanda ya taɓa jefa cokalin man shanu a cikin gahawa mai zafi ya san abin da ke biyo baya. Man zai narke, ya taso, ya yi idanu-idanu a saman kofin. In kuma aka yi garajen zuba ƙanƙara a kai, sai abin ya ƙara dagulewa, man ya daskare ya zama gudaji-gudaji, wani ya manne a jikin tambulan, wani a leɓe da harshe. Yawanci a nan ake yanke hukunci, a ce wannan haɗi ba na mutane ba ne. Ni kuwa ina ganin an zalunci abin sha mai daɗi. In an yi shi yadda ya kamata, yakan fito da kauri da santsi, launinsa ya koma ruwan ƙasa mai haske, kumfa ta kwanta a samansa, ba kuma za ka ga ko ɗigon mai yana yawo ba. Kayan haɗin kusan iri ɗaya ne a duka biyun. Bambancin yana wajen abin da aka fara da shi da abin da aka bari ƙarshe.

Haɗa mai da abin sha mai zafi tsohon abu ne. Mutanen Tibet, can kan tsaunuka masu tsananin sanyi, sun daɗe suna dafa baƙin shayi su zuba masa gishiri da man wasu shanu masu gashi da ake kira yak, sannan su kaɗa shi a cikin wani dogon mazubi na katako har ya haɗe. A Habasha, mahaifar gahawa, al'ummomi irin su Gurage na shanta da man shanu da gishiri, Oromo kuma na da al'adar soya 'ya'yan gahawa a cikin mai. A tsofaffin shagunan shayi na Singafo ma ana sayar da gahawa da yankin man shanu a kai. Wanda ya yayata abin a wannan zamani wani ɗan kasuwar Amurka ne, Dave Asprey, wanda ya sha shayin Tibet a wata tafiya da ya yi a 2004, ya fitar da nasa haɗin a 2009 da sunan Bulletproof. Amma duk waɗannan da zafi ake shan su, kuma zafin ne ke rufa musu asiri. Mai son sha da ƙanƙara, a garin da rana ke dukan mutum tun hantsi, shi ne ke da aiki a gabansa.

Don a gane aikin, sai a koma ga madara. Kitsen da ke cikin madarar da aka tatso yanzu ba a dunƙule yake ba. A warwatse yake, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace ƙwaya da 'yar rigarta da ke hana ta mannewa da 'yar'uwarta. Shi ya sa madara take fara, take da santsi, kuma ko an sanya ta a firji ba ta yin gudaji. Sa'ad da Bafulatana ta zuba kindirmo a gora tana kaɗawa, waɗannan riguna take yayyagawa. Ƙwayoyin kitsen su tsiraita, su manne da juna, su taru su zama curin man shanu, nono ya rage a ƙasa. To mai haɗa gahawa da man shanu, warware aikin Bafulatanar yake yi. So yake ya farfasa curin ya koma ƙananan ƙwayoyi, ya samo musu sabuwar riga, kafin sanyi ya riske su.

Daga nan sauran bayanin ke fitowa. Man shanu yana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35 a ma'aunin Salshiyas, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki. Ba a iya farfasa shi sai yana ruwa, don haka dole a fara da gahawa mai zafi. Cokali kuma ba ya iya farfasa shi yadda ake so, sai abin da ke juyawa da ƙarfi irin bilenda. Sannan ko an farfasa shi, in ba a samu abin da zai lulluɓe ƙwayoyin ba, za su sake nemo juna su haɗe. Abin da ke lulluɓe su shi ne furotin na madara. Man shanu kansa yana da shi, amma kaɗan ne ƙwarai: kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari na man kanti kitse ne, kimanin kashi 16 ruwa, ɗan abin da ya rage ne furotin da sauransu. Wannan kaɗan ɗin ya isa ya riƙe kofi mai zafi na 'yan mintuna, bai isa ya tsaya wa ƙanƙara ba. Saboda haka a haɗin sanyi madara ba ado ba ce, ita ce ke riƙe da komai.

Zaɓen man yana buƙatar a dakata a kansa, domin abu uku ne ke yawo a kasuwa. Akwai botar da ake shafa wa burodi a teburin mai shayi, wadda galibi ba man shanu ba ce, man tsirrai ne aka sarrafa aka sa masa gishiri. Wannan ba ta da ƙamshin da ake nema, a bar ta wa burodi. Akwai man shanu na kanti mai zuwa a naɗe a takarda, kuma marar gishirinsa shi ne ya fi sauƙin aiki. Sai namu na gida. Ɗanyen man shanu na kasuwa daga madara mai tsami ya fito, yana ɗauke da ɗan warin nono, don haka sai an wanke shi: a sa shi a ruwan sanyi mai tsabta, a riƙa matsa shi da bayan cokali ana sauya ruwan har ya daina fitowa fari. Tunda kuma ba lallai ne an dafa madarar da aka yi shi da ita ba, a narkar da shi a wuta ya ɗan tafasa kafin a yi amfani da shi. Soyayyen man shanu kuwa, in da albasa aka soya shi, wurinsa tuwo da miyar kuka, kada ya kusanci gahawa. In an soya shi shi kaɗai, yana da ƙamshi mai daɗi da ke tafiya da gahawa sosai, sai dai suya ta kore ruwansa, tacewa ta raba shi da furotin ɗinsa, ya zama kitse zalla. Mai amfani da shi sai ya ƙara yawan madara.

Ita gahawar a dafa ta da ƙarfi, ninkin yadda aka saba. Ma'aunin da masu dafa ta ke bi shi ne kimanin giram 60 na gari a litar ruwa. Don wannan haɗi, a sa giram 18 zuwa 20, kusan babban cokali huɗu, a ruwa mililita 150. Dalili shi ne madara da ƙanƙara za su tsinka ta, mai zai danne ɗacinta, sanyi kuma yana rage wa harshe jin zaƙi da ƙamshi. Ruwan ya tafasa a sauke, a ba shi kamar rabin minti ya huce zuwa tsakanin digiri 90 da 96, sannan a zuba a kan garin, a bar shi minti huɗu, a tace. Wanda ba shi da gari sai irin Nescafé mai narkewa nan take, cokalin shayi biyu cike sun wadatar, kuma ba abin kunya ba ne, don mai da madara suna rufe kaifinta. Gahawar da aka jiƙa a ruwan sanyi ta kwana tana da laushin ɗanɗano, amma ba za ta narkar da mai ba sai an ɗumama ta.

Sai a juye gahawar da zafinta a bilenda, a sa babban cokali ɗaya na man shanu, kimanin giram 14, da babban cokali biyu na madarar gari. Madarar gari ta fi ta ruwa a wannan mataki, domin tana kawo furotin ba tare da ta sanyaya gahawar ba. Sukari ko zuma ma yanzu ne lokacinsu, tunda sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi. Ni na fi son dabino biyu ko uku da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa a ruwan zafi, saboda ban da zaƙi suna ƙara kauri, kaurin kuma yana rage wa ƙwayoyin man saurin tasowa. Ɗan gishiri da bai wuce abin da yatsu biyu za su ɗauka ba yana kashe ɗaci. Mai son yaji ya sa garin citta ko kirfa, yadda mutanen Sudan ke yi wa gahawarsu.

A nan akwai haɗarin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ruwan zafi a rufaffen bilenda yana tara tururi, da an kunna sai ya ture murfin ya watsa wa mutum a fuska da hannu. Kada a cika mazubin ya wuce rabi, a cire ɗan marfin tsakiya, a rufe ramin da tsumma mai tsabta a danne da tafin hannu, a fara da ƙaramin gudu. Irin ƙananan bilendar da ake ɗaure wa murfi gam a kife su a kan inji ba a yi su don abu mai zafi ba sam.

A bar shi ya yi daƙiƙa 30 zuwa 45 yana gudu. Ido ne zai faɗa maka ko ya yi. Launin zai tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa mai haske, domin ƙananan ƙwayoyin mai suna watsa haske kamar yadda suke yi a madara. Ɗebo kaɗan a cokali ka duba a wurin haske: in ka ga ɗigon mai yana ƙyalli, bai yi ba, ƙara masa lokaci.

Saura sanyayawa, inda aka fi yin ɓarna. Akwai lissafin da ya kamata a sani: zafin da ake buƙata a narkar da giram ɗaya na ƙanƙara daidai yake da wanda zai ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri 80. Ma'ana, gahawa mililita 150 mai zafin digiri 80 sai ta narkar da ƙanƙara kusan giram 150 kafin ta yi sanyi ƙarara. Rabin abin da ke tambulan ɗinka ya zama ruwa ke nan. Kuma man da ya ci karo da ƙanƙara kai tsaye yana daskarewa a jikinta nan take. Don haka a sauko da zafin a hankali. Bilenda na gudu, a riƙa tsiyaya madarar ruwa mai sanyi, kamar mililita 100, siririn zubi ba gaba ɗaya ba. Wannan kaɗai zai mayar da haɗin ɗumi-ɗumi, kuma ƙwayoyin man suna yin sanyi ne a rarrabe, kowace cikin rigarta. In har yanzu da zafi, a juye a kofin ƙarfe a tsoma gindinsa a kwanon ruwan randa ana juyawa. Sai bayan nan a zuba a kan ƙanƙara. Wanda ke son ta yi kauri har sai da cokali, ya jefa ƙanƙarar a bilenda ya markaɗe su tare.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce a daskarar da ragowar gahawa a mazubin ƙanƙara tun daren jiya. Ƙanƙarar gahawa in ta narke ba ta tsinka komai. In ƙanƙarar saye za a yi amfani da ita, a tabbatar da ruwan da aka yi ta da shi, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

In babu wuta, ba a fasa ba. A bar gahawar ta ɗan huce yadda hannu zai iya riƙe kofin, a zuba ta da man da madarar gari a gorar da ke jure zafi, kada ta wuce rabi, a rufe a girgiza da ƙarfi, ana buɗewa lokaci-lokaci tururi ya fita. Sabon maburgi da bai taɓa shiga miya ba ma yana aiki a kofi mai zurfi. Ƙwayoyin ba za su kai na bilenda ƙanƙanta ba, don haka a ƙara madara, a rage mai zuwa rabin cokali, a sha da wuri.

Game da abin da ake yayatawa cewa wannan haɗi yana narkar da teɓa yana kuma buɗe ƙwaƙwalwa, bincike mai ƙarfi bai tabbatar da shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne babban cokali ɗaya na man shanu yana ɗauke da kalori kusan 100 da kimanin giram 7 na kitse mai daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 22 ga mai cin kalori 2,000. Tambulan ɗaya, in an haɗa da kitsen madara, ya cinye kusan rabin wannan. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: gahawar da ba a tace da takarda ba tana da wani mai nata na kanta da ke ɗaga kitsen jini, matacin takarda kuwa yana kama mafi yawansa. Mai fama da yawan kitsen jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likitansa tukuna. Mai juna biyu kuma ta tuna cewa gahawar nan ninki aka dafa ta, kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a yini. Abin marmari ne mai ƙosarwa, amma ba ya maye gurbin karin kumallo.

Ba a ajiye shi ya daɗe. Ko an yi shi da kyau, in ya kwana a firji ƙwayoyin man za su taso su yi ɓawo a sama, girgizawa da sanyi kuma ba ta gyara shi, sai an ɗumama ya wuce digiri 35 an sake bugawa. Ya fi sauƙi a ajiye gahawar daban da ƙanƙararta, a haɗa daidai wanda za a sha a lokacin.